Gaya: labari ya yi yawa, littafi ya yi kaɗan

Duk wanda ya taɓa kwana biyu a Gaya yana jiran duwan ta sallami kayansa ya san cewa garin ba ya rasa masu ba da labari. Akwai direbobin kamyo da suka haddace kowane rami na hanyar Kwatano, mai tsawon fiye da kilomita 700. Akwai masu magaza da suka yi arziki da atamfa da bosho, suna tura su Nijeriya ta Kamba. Akwai masuntan bakin Kwara, da tsofaffin ma'aikatan duwan da jandarmomi, da malaman lakwal waɗanda gwamnati ta yi ta jefawa daga wannan ƙauye zuwa wancan har suka san jahar Doso kamar tafin hannunsu. Da yawa daga cikinsu sun sha faɗi, a majalisar yamma ko a gaban mai shayi, cewa in Allah ya yarda wata rana sai sun rubuta littafi. Shekaru suna shuɗewa, furfura tana cin kai, amma littafin bai samu ko shafin farko ba.

In an tambayi dalili, amsa ɗaya ake fara bayarwa: babu kamfanin da zai buga. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai kamfanin ɗab'i damuwa ce ta wanda ya gama rubutu. Wanda bai ko sayi kaye ba tukuna, wani abu ne daban ya riƙe masa hannu, kuma wannan abin ne ya cancanci a duba.

Su wa suka rubuta Dendi?

Kafin nan, ya kyautu a san abin da ake asara. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da ƙasar Dendi, baƙi ne suka rubuta shi. Labarin yadda Askiya Nuhu ya tattara ragowar rundunar Songai a Dendi ya ci gaba da yaƙi, bayan da sojojin Maroko suka yi nasara a Tondibi a shekara ta 1591, wani malamin Tumbutu ne, Abdurrahman Sa'adi, ya adana shi cikin littafinsa na Tarihin Sudan, wajen tsakiyar ƙarni na 17. Bayan shekara ɗari biyu, a 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da sunan Abdulkarim, ya tarar da kofen littafin a Gwandu, ya zauna ya kwafi abin da ya samu dama, sa'an nan ya kama hanyar Say. A kan hanyar ya ratsa kwarin Foga, arewa da Gaya, ya ga yadda ake tace ƙasa a dafa ruwanta a fitar da gishiri, ya rubuta. Mai son ya san yadda sana'ar gishirin Foga take a wancan zamani, sai ya bi ta hannun wannan baƙo.

A namu zamanin ma haka abin ya ci gaba. Nassirou Bako-Arifari, ɗan arewacin Benin wanda daga baya ya riƙe ministan harkokin waje na ƙasarsu, ya yi binciken digirinsa na dakta a kan sarauta da iko a kanton Gaya. Olivier Walther, masanin labarin ƙasa daga Suwis, ya fitar a 2008 da littafi mai suna Affaires de patrons, a kan manyan ƴan kasuwar Gaya da Malanbil da Kamba. Ba laifi suka yi ba. Aikinsu ne, sun kuma yi shi da kyau. Amma mai bincike da tambayoyinsa yake zuwa, ya koma da amsar da aka ga dama aka ba shi. Abin da ba a tambaya ba yana nan cikin cikunan masu shi, kuma ciki ba ya dawwama.

Ga wanda yake ganin takarda ba ta da wani nauyi, akwai darasi cikin shari'ar tsibirin Lete. Tun farkon shekarun 1960 Nijar da Dahome, wadda ta koma Benin, suke jayayya a kansa. Da aka kai maganar kotun duniya ta birnin Lahe, cikin takardun da alƙalai suka duba har da wata wasiƙa da wani ƙaramin kwamandan Faransa mai suna Sadoux, wanda yake riƙe da Gaya, ya rubuta ranar 3 ga Yuli 1914, inda ya jera tsibiran kogin ya nuna wanne ke ƙarƙashin wa bisa ga babbar hanyar da jirage ke bi. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci, Lete ya zama na Nijar. Makiyaya da masunta nawa ne suka san tsibirin nan fiye da Sadoux? Ba su ƙirguwa. Amma shi ne ya zauna ya rubuta, shi ya sa bayan shekara casa'in muryarsa aka ji.

Tsoron jan bik

Cikas na farko tun daga lakwal yake farawa. Wanda ya yi karatun boko a Nijar ya taso ne cikin dikte, inda kuskure biyar ke jawo sifiri, da jan bik na mushe da ke bin kowane layi. A zamanin Turawa, har ma shekaru bayan samun ƴancin kai, akwai kuma abin da ake kira sambol: wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu, shi kuma ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. Yaron da aka horar haka ya girma ya zama babban ma'aikaci, amma harsuna biyu yake tsoro. Yana tsoron faransanci domin kada abokan aiki su tsinci kuskure su yi masa dariya. Yana tsoron Hausa domin ba a taɓa koya masa rubuta ta ba, har ma an sa masa a rai cewa ba harshen littafi ba ne.

Tsoron farko yana da magani mai sauƙi, wanda duk wani gidan jarida ya san shi: rubutu daban, gyara daban. Babu littafin da ke fita daga hannun mai shi ya wuce maɗaba'a kai tsaye, ko a Pari. Akwai masu cin abinci da gyaran rubutun wasu kawai. Lokacin da Ibrahim Issa, ɗan Gure, ya fitar da Grandes eaux noires a 1959, labari na farko da ɗan Nijar ya wallafa da faransanci, ba shi da wani magabaci a ƙasar da zai duba ya kwaikwaya. Mai rubutu a yau yana da tsofaffin malamai masu ritaya a kowace unguwa, waɗanda ba abin da suka fi so kamar a kawo musu takarda su sa mata jan bik. A bar musu wannan aiki, bayan an gama.

Tsoro na biyu kuwa ya daɗe da rasa hujja. Tun a taron da Unesko ta kira a Bamako a 1966 aka daidaita haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun harsunan ƙasa. Bambancin da ke tsakanin ƙa'idar Nijar da ta Nijeriya bai taka kara ya karya ba: nan ana rubuta ƴ mai ƙugiya, can ana sa ɗan waƙafi a gaban y, kuma ba a taɓa jin mai karatu ya mayar da littafi saboda haka ba. A da, masu keken rubutu sai sun bi takarda da hannu suna ƙara wa ka da da da ba ƙugiyoyinsu. Yau wayar salula tana fitar da su. A watan Maris na 2025 kuma, kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci da ingilishi suka zama harsunan aiki. Sai dai doka ba ta rubuta littafi. In babu abin karantawa, matsayin nan zai tsaya a kan takardar da aka sa wa hannu.

A Gaya maganar harshe tana da wani lauje cikin naɗi, domin garin ba na harshe ɗaya ba ne. Dendanci ne harshen gida ga mutane da yawa, ga Zabarmanci, ga Fulatanci, ga Kyangawa masu daɗaɗɗen tarihi a yankin, Hausa kuma ita ce ke haɗa ciniki da Kamba da Birnin Kabi. Wanda ya sha nono da Dendanci ba dole ba ne ya bar shi don ya zama marubuci. Adamou Idé ya nuna cewa mutum ɗaya yana iya wallafa da faransanci ya kuma wallafa da Zabarmanci. Abin da hankali ke nunawa shi ne mutum ya fara da harshen da yake faɗa da shi in ransa ya ɓaci, yake kuma ba da labari da shi har a yi dariya. Wanda ajami ya fi sauƙi gare shi, ya rubuta da ajami; mayar da shi boko aikin kwana kaɗan ne. Fassara tana zuwa daga baya. Amma ɗan kasuwa zai so ya san wannan: littafin Hausa kasuwarsa ba ta tsaya a iyaka ba, tana kaiwa Sakkwato da Kano da zangon Kumasi.

Wai tatsuniya ce

Akwai kuma raini. Dattijon da ya yi karatun addini, ko ma'aikacin da ya kai matsayi, yana ganin zama a ƙaga labari aikin mata da yara ne, a bakin murhu bayan sallar lisha. Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. A 1933, sa'ad da Rupert East na ofishin fassara na Zariya ya zagaya biranen arewacin Nijeriya yana roƙon malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kansu su yarda cewa abin bai zubar da mutunci ba. Kaɗan ne suka amsa. Cikinsu akwai wani malamin makarantar Midil ta Katsina mai shekara 22, Abubakar Imam, da Ruwan Bagaja. Da Malam Bello Kagara da Ganɗoki. Da wani malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shaihu Umar. Na ƙarshen nan shi ya zama firayim ministan Nijeriya. Sunayen waɗanda suka ƙi, saboda girmansu ya wuce tatsuniya, ba wanda ya riƙe su.

Sai na yi ritaya

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace kashe littattafai cikin ma'aikata. Mutum yana ɗauka cewa rubutu yana bukatar ɗaki shiru da wata shida babu aiki. Ranar da ritayar ta zo, sai zirga-zirgar neman fansho a Yamai ta cinye shekara ta farko, ciwon ido ya ci ta biyu, sunaye da ranaku kuma su fara rikicewa.

Waɗanda suka bar wa Nijar littattafai ba masu hutu ba ne. Boubou Hama yana shugabancin majalisar dokoki, daga 1958 har zuwa juyin mulkin 1974, ya rubuta mafi yawan littattafansa, ciki har da Kotia-Nima da ya ciyo masa babbar lambar adabin Afirka. Shi ne kuma ya tattaro tsofaffin rubuce-rubucen larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Idé Oumarou yana babban ma'aikacin gwamnati ya fitar da Gros plan a 1977, ya ci irin wannan lamba a 1978, kafin ya zama babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1985. Manyan ma'aikata suna son su ƙawata jawabinsu da maganar nan da Amadou Hampâté Bâ ya yi a Unesko a 1960, inda ya kwatanta mutuwar tsoho da gobarar ɗakin littattafai. Ana tafawa, a tashi, ba wanda ya biya ta kanti ya sayi kaye.

Lissafin kuwa ɗan kasuwa ya fi kowa iya shi. Shafi ɗaya a rana, bayan sallar asuba ko kafin a buɗe magaza, kaye mai shafi 200 zai cika kafin wata bakwai. Kuma a garin iyaka babu abin da ya fi jira yawa: jiran takarda, jiran sa hannu, jiran a buɗe biro, jiran mota ta iso.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, da yawansu sun riga sun fara ba su sani ba. Littafin bashin da ɗan kasuwa ke ajiye da shi tun shekara ashirin yana ɗauke da ranaku, da sunayen garuruwa, da farashin buhun shinkafa, da canjin naira da sefa na kowace shekara. Kowane layi a ciki labari ne: wane ne ya ci bashin nan, me ya hana shi biya, wace shekara ce ruwa ya ci gonaki, yaushe naira ta faɗi. In ya ɗauki layi ɗaya kowace rana ya rubuta abin da ya tuna a kansa, bai bukatar ya nemi mafarin littafi, wanda shi ne ke tsayar da mutane da yawa a shafin farko; mafari a ƙarshe ake rubuta shi. Ma'aikaci shi ma yana da tsofaffin rahotanni da takardun canjin wurin aiki da za su tsayar masa da ranaku. Abu ɗaya zai kiyaye: kada salon biro ya biyo shi gida. Jimlar da aka saba buɗe wasiƙar minista da ita, mai cike da girmamawa da kewaye-kewaye, tana sa mai karatu barci tun a layi na uku.

Fatauci da alƙalami ba yau suka fara tafiya tare ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 cikin gidan da asalinsa Kabi ne, ɗan mai fataucin goro ne, ya kuma bi hanyar Gwanja, wadda wani reshenta ke ƙetare Kwara a wannan yanki na Illo da Gaya. Tun yana saurayi ya tsara littafin koyon rubuta wasiƙa da larabci. Daga baya, a Kete-Karaci ta ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934, ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai masu yawa da Hausar ajami a kan tarihi da sana'o'i da zaman jama'a, waɗanda masana ke amfani da su har yanzu. Wanda kuma bai iya rubutu ba sam, yana da magabaci shi ma. Cikin ayarin Barth da ya ratsa Foga akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta aka kuma ƴanta. Ya bi Barth har Ingila a 1855, ya zauna gaban wani ɗan mishan mai suna Schön ya ba shi labarin rayuwarsa da baki, shi kuma yana rubutawa. Aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Baki ya yi nasa, hannun wani ya yi sauran.

Abin da ba a faɗi

Duk waɗannan cikas ɗin masu sauƙi ne in an gwada su da na ƙarshe, wanda ba a cika ambatonsa a majalisa ba. Mutumin Gaya da ya zauna zai rubuta gaskiyar abin da ya gani, nan da nan zai tarar cewa labarin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Da farko akwai kunya. An tarbiyyantar da mutum kada ya kama sunan ɗan farinsa, kada ya yi zancen matarsa a gaban mutane, kada ya ce ni na yi, ni na yi, tun da yabon kai jahilci ne. To, yaya zai cika shafi ɗari biyu da labarin kansa? Mafita ita ce kada ya sa kansa a tsakiya. Ya rubuta hanya, ya rubuta kasuwa, ya rubuta ubangidan da ya koya masa ciniki, ya bayyana yadda ake ɗaure dila da yadda ake gane atamfa ta gaske. Mai karatu zai gan shi a gefen hoton, kuma hakan ya fi kyau.

Bayan kunya akwai tsoro, kuma wannan tsoro yana da tushe. Arzikin garin iyaka a kan bambancin dokokin ƙasashe yake tsaye: abin da aka hana shiga can an halatta shi nan, abin da ke da tsada nan yana da araha can. Kowa ya san ta inda kaya ke bi da dare, kowa ya san abin da ake miƙawa a shinge, amma zaman lafiyar kowa yana cikin yin shiru, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya rubuta, gobe zai haɗu da waɗanda ya rubuta a masallaci, ko da ƴaƴansu wajen ɗaurin aure. Ma'aikacin gwamnati kuma doka ta ɗora masa kame baki a kan abin da ya sani ta hanyar aiki, kuma a Nijar an sha tsare masu alƙalami a zamanin gwamnatoci daban-daban. Wanda ya ce wa mai son rubutu kada ya damu da wannan, bai yi masa adalci ba.

Amma a nan ne ƙagaggen labari, wanda ake rainawa, yake nuna amfaninsa. Amadou Ousmane, ɗan jarida kuma ma'aikacin gwamnati, ya fitar da 15 ans, ça suffit ! a 1977. Labari ne na babban ma'aikaci da aka gurfanar kan karkatar da abincin taimako lokacin yunwa. Ya sa shi cikin wata ƙasa da babu ita a taswira, kuma babu ɗan Nijar da ya karanta bai gane gida ba. A Nijeriya, Sulaiman Ibrahim Katsina ya ci gasar da gwamnatin tarayya ta shirya da Turmin Danya, labarin wani attajiri mai fasa-ƙwauri da ma'aikatan da ya saye. Bai kama sunan kowa ba, ba kuma wanda ya isa ya ce da shi ake, sai in ya yarda cewa shi ne. Mutumin Gaya da ya karanta littafin nan zai ga abubuwa da yawa da ya sani, zai kuma ga da yawa da marubucin bai sani ba, waɗanda shi ne kaɗai zai iya ƙarawa.

Wata hanyar ita ce a koma baya. Abdoulaye Mamani ya sha gudun hijira saboda Sawaba, ya sha kurkuku a zamanin Kunce, ya san farashin magana fiye da kowa. Da ya tashi rubuta babban littafinsa, sai ya ɗauko labarin Sarauniyar Lugu, a ƙasar Arewa ta wannan jaha ta Doso, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Kafin Sarraounia ya fito a 1980, labarin yana bakin tsofaffin yankin ne da ƴan layuka cikin takardun sojan Faransa. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar lambar Fespako a Wagadugu a 1987, sunan Sarauniya ya shiga bakin kowane ɗan lakwal. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993. Dendi tana da irin waɗannan labarai, na Askiyoyi da na Kyangawa da na yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu, waɗanda babu mai rai da zai kai ƙara a kansu.

Hanya ta uku ta fi sauƙi, ko da yake masu gaggawar suna ba su son ta: a rubuta yau, da sunaye da ranaku yadda suke, a sa a akwati, a bar wa magada wasiyyar lokacin da za a buɗe. Rubutawa daban, wallafawa daban.

To, wa zai buga?

Sai yanzu maganar ta zo wurinta. Gaskiya ne littafi a Nijar abu ne mai tsada, musamman tun watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, takarda da tawada da duk littafin da ke zuwa daga Faransa suka ninka kuɗi. Gaskiya ne kuma gidajen wallafa kaɗan ne, ko da yake Albasa da Gashingo a Yamai sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa. Amma amsar da ta fi dacewa da garin ƴan kasuwa daga Kano ta zo. Cikin shekarun 1980, da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa maza da mata ba su zauna jira ba. Suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'o'i da kuɗin aljihunsu, suna raba labari kashi-kashi, cinikin littafi na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu, suna bai wa masu tebur a kasuwa su sayar. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tun tana yarinya, ta koma ajin manya ta koyi rubutu, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Na biyun an fassara shi da ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da abokansa suka kafa ƙungiyar marubuta suka sa mata suna Raina Kama, kuma duk Bahaushe ya san ƙarshen karin maganar. Masana sun soki littattafan, sun ce takardar ba ta da kyau, ƙa'idar rubutu ta karye. Wani sukan yana da gaskiya. Sai dai an karanta su, har a Maraɗi da Damagaram, kuma daga cikinsu ne wasu finafinan Hausa na Kano na farko suka samu labaransu. Yau ƙannensu a wayar salula suke rubutu, suna tura babi-babi ta WhatsApp ga masu biyan kuɗi, wasu kuma ana karanta nasu a gidajen rediyo. Mai magazar da ya iya shigo da kwantena daga Kwatano ya raba ta cikin kasuwanni uku na ƙasashe uku, ba zai ce kofe ɗari biyar na ɗan littafi sun gagare shi ba.

Abin rubutawa kuwa ƙaruwa yake yi. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, hanyar Kamba ta mutu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta rufe, ɗaruruwan motoci suka yi layi a gefen Benin, kaya suka lalace a cikinsu. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Mutane da buhuna da babura suka koma ƙetare Kwara cikin jiragen ruwa, kamar zamanin da ba a gina gada ba. Hukumomi da bankuna sun ƙidaya motoci da tan-tan na kaya cikin rahotanninsu. Ba aikinsu ba ne su rubuta nawa ake biyan fito da safe da nawa da dare, ko yadda masunci ya ajiye taru ya zama mai jigila, ko abin da direba ya ci cikin watannin da ya yi yana kwana ƙarƙashin motarsa. Masu jiragen da suka yi wannan fito suna nan a Gaya da Malanbil. Da yawansu ba su yi lakwal ba, amma da wuya a samu wanda ba shi da ɗa ko ƙane mai wayar da ke ɗaukar murya.